Kasuwa Ke Zaɓen Miya

Mu namu murhun tatsuniyar na gas ne, a wani ɗan kicin da ke hawa na uku a unguwar Muraƙƙabat ta Dubai. A nan kakarmu Hajiya Inna take zaunar da mu bayan magariba, ni da ƙanwata, tana tuƙi tana ba mu labari.

Shekarar da ta zo Dubai aka sallami Baba daga aikinsa na injiniya. Bizarmu duka a wuyansa take, in bai samu wani aikin ba sai Kano, makaranta kuma ta tsaya. Wani gareji a Alkuz ya neme shi, ya ce shi bai yi karatu don ya kwanta ƙarƙashin mota ba. Hajiya ba ta ce masa uffan ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi masa faɗa a gabanmu.

Cefane dai ta karɓe. Ba ta karanta Turanci ko Larabci, amma ta gane jar takardar da kanti ke liƙawa a kan kayan da aka karya wa farashi. Duk abin da ya sha ja, shi ne abincin makon. Kaza ta yi araha, Litinin dafa-duka, Talata romo, Laraba ƙasusuwan su shiga miya. Ran nan ta ɗago wani ƙullin ganye daga firiza, wai mulukiyya, ta shinshina, ta dube ni.

"Kai maigida, wannan ai lalo ne ya yi ƙaura!"

Muka sha tuwon semo da miyar lalo har muka lashe hannu. Wallahi ban taɓa ganin mace mai dabara irin tata ba.

A wannan daren ta buɗe ƙofar kicin, wai zafi.

"Ga ta nan ga ta nanku, 'yan Dubai marasa Hausa."

Wai wasu mata biyu ne suka tafi kasuwa. Ta farko tun daga gida ta rantse sai ɗanyar kuɓewa, alhali rani ne. Aka nuna mata kuka ta yatsina fuska, aka nuna mata kabewa ta ce ita ba sa'arta ba ce. Haka ta yi ta zagaye har kasuwa ta watse, 'ya'yanta suka kwana suna kallon tukunya. Ta biyun kuwa da ta isa sai ta yi sallama ta ce, "Kasuwa, yau me kika samo mana?" Ta ɗauki abin da ta tarar, gidanta aka ci aka ƙoshi.

"Ita ta farkon muguwa ce?" in ji ƙanwata.

"A'a, 'yar nan. Ta iya miya ƙwarai. Mantawa ta yi yunwar ba tata ba ce ita kaɗai."

Da ƙarfi ta faɗe shi, har na yi mamaki, don ba ta da ɗaga murya. Ba a rufa mako ba Baba ya fara dawowa gida da baƙin mai a farce, mu kuma muka ci gaba da zuwa makaranta.

Na girma ina ɗaukar labarin a matsayin darasin cefane, har yau kuma da shi nake shiga kanti. Sai bayan rasuwarta, Allah ya jiƙanta, na ba Baba labarin ina dariya. Bai yi dariya ba. Sai ya ce:

"Ina falo a daren. Kai ka ɗauka ku take yi wa tatsuniyar?"