Yatsa Huɗu a Ƙafar Wando

Shekara arba'in da ɗaya Tomie Kuwabara ta yi tana gyaran kayan makaranta a ɗan shagonta da ke bayan tashar jirgin ƙasa, a arewacin Akita. Mace ce mai ƙarancin magana, mai yawan tsaki. Kowa ya san aikinta: duk wandon da ya bi ta hannunta sai ta naɗe yadi yatsa huɗu a ƙafarsa, don yaro ya yi shekara ukunsa na ƙaramar sakandare da kaya ɗaya. Kowane watan Maris iyaye su dawo, ta warware yatsa ɗaya ko biyu.

Kaya ɗaya ne ba ta taɓa warwarewa ba, na ɗanta Shigeru, wanda zazzaɓi ya ɗauke yana aji ɗaya, shekara talatin ke nan. Suna cikin akwati, sunansa ɗinke da farin zare a cikin baƙar rigar. Sau ɗaya a shekara takan shanya su, ta mayar.

Bana, saura kwana shida a buɗe makaranta, maƙwabciyarta Harue mai aikin gyaran kifi ta shigo da ɗanta Naoto. Ta je kanti ta dawo hannu rabbana. Kaya sun yi tsada, ga harajin kashi goma a kai, sai ka ce rigar makaranta kayan ƙawa ce. Ta tambaya ko wani ya bar tsofaffi. Tomie ta ce tun Fabrairu aka wawashe su.

"Tomie, ba tsadar ce ta dame ni ba," in ji Harue. "Ranar bikin shiga makaranta kowa da baƙar riga, nawa ne kaɗai zai tsaya daban."

Tomie ta yi tsaki, ta shige ciki. Ta daɗe kafin ta fito da kayan Shigeru, warin maganin asu na biye da ita.

Rigar ta zauna wa Naoto daidai, amma wandon ya tsaya masa a saman idon sawu. Harue ta hango sunan, ta ce ba za ta iya karɓa ba.

"Wa ya tambaye ki? Kai kuma zanƙalele, tsaya cak."

Tomie ta durƙusa da ƙyar, ta kama ƙafar wandon. Ɗinkinta ne, na lokacin da idonta ke gani sosai. Ta tsinke zaren, ta auna da yatsunta.

"Yatsa biyu," ta ce. "Baɗi ka dawo, akwai saura."