Shafi Goma Sha Ɗaya na Littafin Kakana

Littafin waƙoƙin da kakana ya rubuta da hannunsa cikin ajami, ruwan damina ne ya cinye shi a Tsibiri, ranar da ɗakin ƙasa ya rufta. Abin da ya rage duk duniya hotunan da na ɗauka ne shafi-shafi, suna cikin tsohuwar kwamfutata. Ni kuwa, sarkin "sai gobe", shekara biyu ban kwafe su ko'ina ba.

Sai kwamfutar ta fara wata ƙara kamar ɓera na gurgurar gyaɗa, tana sandarewa. Baffana, ƙanen mahaifina, ya ce ƙafata ƙafarsa. Na goyo shi a babur daga Bakura har shagon mai gyara a Talata Mafara.

Mai gyaran ya kara kunne jikinta, ya girgiza kai. "Malam, faifan ajiyar ga ya gaji. Kwafa guda ta rage mai, in ma ta rage."

Manhaja biyu ya nuna mini, duk na kyauta. Ta farko mai sauri ce, amma hoton da ta kasa karantawa tsallake shi take yi, ba ta faɗa. Ta biyu tana gwada kowane hoto da na asali, ta rubuta sunan wanda ya gagara. Sai dai tana wahalar da faifan ninki biyu, yana iya mutuwa aikin bai ƙare ba.

Wallahi tsoro ya kama ni. Na nuna mai saurin.

Baffa ya riƙe hannuna. "Ɗana, mu gidanmu in anka kwafi littafi, mutum biyu ka zama, guda na karantawa guda na bi da yatsa. Abin da ba a yi ma muƙabala ba, ban yarda da shi."

Na ji haushinsa. Mutumin da ko waya sai an danna masa! Amma na bi tasa.

Awa uku muna kallon koren layi yana jan ciki. Sau biyu ya tsaya cak. Ana kiran la'asar faifan ya yi shiru, bai sake motsi ba.

Hotunan sun tsira, ban da shafi goma sha ɗaya, ga lambobinsu a jere.

Baffa ya ce, "Karanta man baitin da ke gabanin kowane giɓi."

Na karanta, ya lumshe ido ya ɗora daga nan, don a gaban mahaifinsa ya haddace su. Na ari biro da takarda ina rubutawa a kan benci. Goma ya kawo tsaf. A na ƙarshe ya fara, ya koma, ya sake farawa. Ya daɗe leɓɓansa na motsi.

"Shafin ga ya tafi," ya ce, yana share ido da hannun riga. "Bar wurin hakanan. Kada ka cika ma babana da naka."