Furen Kumanda Daga Matameye Zuwa Damagaram

Na bar Matameye kafin asalatu, jakina ɗauke da tukunya guda. A cikinta akwai shukar da Kumanda, Bafaranshen da nake yi wa ban-ruwa a bariki, ya bari sa'ad da aka mayar da shi Damagaram. Ya aiko cewa in kai masa ita da 'ya'yanta, yana so ya ga furen. Wanda ya ɓata wa Kumanda rai a lokacin, aikin hanya ake tura shi, ni kuwa ban yi girbi ba.

Ganyenta dogo ne kamar na albasa. Furen rawaya ne, yana ƙamshin lemo, kowane ɗaya wuni guda yake yi ya mutu. 'Ya'yan, masu kama da ƙananan kuɓewa, su ke buɗewa su zama fure. Saiwar kuwa tana shekaru.

Kance

Na sauka da hantsi gidan Malam Idi, abokin mahaifina. Na ajiye tukunyar a inuwa cikin gida, muka tafi gaisuwar mutuwa. Da muka dawo aka kawo tuwo.

"Ɗana," in ji Inna Hajo, matarsa, daga bakin zaure, "kuɓewar nan taka ba ta da yauƙi."

"Wace kuɓewa, Inna?"

"Ta tukunya. Na tsinke, kada ta tsufa."

Na leƙa. Ba ta bar ko ɗaya ba. Malam Idi ya ce tunda an riga an dafa, in ci. Na ci.

Damagaram

A ƙofar gari soja ya tare ni, ya shinshina ganyen, ya ce albasar Nasara ba ta da kai, in wuce.

Kumanda ya daɗe yana duban tukunyar. Tafinta ya ce, "Yana tambaya, ina 'ya'yan?"

"An yi miya da su a Kance."

Na fara tunanin wa zai yanke mini gero. Kumanda ya yi magana mai tsawo.

"Ya ce a ƙasar Sin inda ya yi soja, haka suke cin su. Yana tambaya, da daɗi?"

"Ba yauƙi, ranka ya daɗe."

Kumanda ya sa wuƙa ya raba saiwar biyu, ya miƙo mini rabi. Ya ce baɗi in kawo furen, ta wata hanyar da ba Kance ba.

Gida

Na tarar da gerona tsaye, alhamdu lillahi. Na dasa saiwar bayan rijiya, na kewaye ta da ƙaya. Ina gode wa Malam Idi da masauki. Inna Hajo ta aiko in ba ta iri, ta ce za ta gwada a miyar kuka.