Neman Tazargade Daga Sentul

Sentul, 6:40 na safe
Gari bai waye ba na ɗaura takunkumi na fita. Matata Hadiza ta yi sati uku da warkewa daga korona, amma hancinta bai dawo ba, ko albasa ta ƙone ba ta ji. Ranar da ta shinshina kan jaririyarmu Amira ba ta ji komai ba, har ta fashe da kuka, hankalina ya tashi ƙwarai. Surukata ta bugo daga Kano ta yanke hukunci: a nemo tazargade. A Malesiya fa!

Titiwangsa, 7:05
Tasha ɗaya ce a jirgin ƙasa, ni kaɗai a tarago sai ka ce na yi shata. Daga nan na tari tasi. Ba mu yi kilomita biyu ba sai ga shingen 'yan sanda. Malayancina kalma uku ne, biyu na abinci. Ɗan sanda ya tambayi inda na nufa, na ce, "Tapau tazargade," wato a ƙunsa min in tafi da ita. Ya dubi direba, direba ya dubi sama.

"Makan?" Yana nufin abin ci ne?

Na ce, "Boleh," wato zai yiwu.

Ya ɗaga mana hannu, ina jin don ya huta ne.

Bayan Kampung Baru, 8:30
Shagon wani tsoho ɗan Sin, bango duk aljihunan katako. Ban san sunan ganyen da yarensu ba, sai na kwaikwayi mai zazzaɓi, ina rawar sanyi. Tsoho ya ja da baya, ya saita min na'urar auna zafi a goshi. Da ƙyar muka fahimci juna, ya riƙa buɗe aljihu ina shinshinawa daga nesa. A na sha huɗu na ji ƙamshin ɗakin kakata a Gwarzo.

"Cinghau," in ji shi. Ya ce su a matsayin maganin zafin zazzaɓi suke bayarwa, ba na hanci ba, kuma mai shayarwa kada ta sha sai ta tambayi likita. Duk da haka na saya, don ina tsoron surukata.

Sentul, 12:15
Ban sami tasi ba, na taka kilomita uku zuwa Titiwangsa cikin rana, rigata sharkaf. Ina shiga gida na buɗe ƙunshin na kai hancin Hadiza.

"Kin ji?"

Ta girgiza kai. Na matso zan rarrashe ta, sai ta yamutsa fuska ta ture ni.

"Baban Amira, don Allah je ka yi wanka. Wannan wane irin tsami ne?"

Muka dubi juna. Sai ta ruga ta ɗauki Amira, ta tusa hanci a wuyanta, tana dariya tana hawaye.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa tsoho da ɗan sanda. Surukata har yau tazargade take yi wa kirari, ni kuwa ban gyara mata ba.