Gwadabe, Kafintan da Ya Ɗora wa Jaki Injin Hoton Ƙashi

Da an idar da sallar asuba, Malam Gwadabe kafinta zai buɗe rumfarsa a bayan kasuwar Ƙaraye, ya wasa gizago, yana gaisawa da masu wucewa. Bana ya ce ido ya yi rauni, zai huta. Bai kamata ya huta ba a gode masa ba.

Shekarun baya wani likitan En'e, wato na hukuma, ya zo daga Kano da ƙaramin injin hoton ƙashi, mai leƙa cikin mutum ba tare da an tsaga shi ba. Sai dai a cikinsa akwai wata kwalba da ba ta son jijjiga, mota kuma ba ta kaiwa Rogo da damina, ga shi likita na son kai injin can.

Da aka kira Gwadabe, ya zagaya injin, ya ce, "Likita, mu raba shi biyu mana, kamar mangalar jaki." Likita na nuna inda ake kwancewa, shi yana aunawa. Ya ƙera akwatuna marasa nauyi, ya cusa musu audugar rimi, ya rataye kwalbar da igiyar fata don ta riƙa lilo. Kafin ya yarda da aikinsa, sai da ya zuba ƙwai a ciki, ya hau jaki ya sukwane shi har Kurugu. Ƙwai suka dawo lafiya, shi ya dawo yana ɗingishi.

A daminar wannan shekarar bijimi ya take Hammawa, wani makiyayi a rugar gefen Rogo. Ƙafa ta kumbura, maɗori ya rasa inda ta karye, har an fara zancen yankewa. Gwadabe da likita suka ratsa taɓo da jakuna, ɗaya ɗauke da injin wuta. Hoto ya nuna karayar a ƙasan gwiwa, aka ɗaure.

Hammawa ya ƙura wa hoton ido, ya ce, "Malam, ashe haka na rame daga ciki? Kada ka nuna wa uwargida, za ta ce ba na cin tuwonta!"

Kai ne, Gwadabe, ka kai asibiti inda hanya ta ƙare, ba ka taɓa cewa a faɗi sunanka ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu sana'a, ku yi koyi da shi. Mai son shaida ya je Rogo ranar kasuwa, zai ga Hammawa yana bin shanunsa da ƙafa biyu.