Jarrabawar da ta fito da amsoshinta

Ko na tsufa tukuf ba zan manta ranar da takardar jarrabawata ta fito ɗauke da amsoshinta ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare a Gwaram. A kwamfuta nake shirya tambayoyi, cikin fayil ɗin da ake kira notbuk, kowace tambaya da amsarta a ƙasa. Ina da wani ɗan fayil na saiti mai umartar manhajar da nake aiki da ita ta ɓoye amsoshin idan za ta mayar da notbuk ɗin PDF, wato takardar da za a buga. Bai taɓa ba ni kunya ba.

Dab da jarrabawa gilashin kwamfutar ya tsage, na kai wa wani mai gyara a Birnin Kudu. Da na karɓo na juya fayil ɗin zuwa PDF kamar kullum, manhajar ba ta ce uffan ba. Ban ko duba ba aka buga, aka liƙe a ambulan.

Ana raba takardu aji ya kaure da shewa. Shugaban makaranta ya kira ni ofis. "Malam, gari zai ce sayar musu ka yi. Ka kawo hujja kafin taron malamai, ko ka ajiye alli."

Ni? Nan take na koma kan kwamfutar. Na buɗe saitin, ko ɗigo bai canza ba. Na sake juyawa, ga amsoshi nan tsirara. Don haushi na zuba shirme cikin saitin da gangan, ko za ta yi ƙorafi. Shiru. Nan na gane ko kallonsa ba ta yi. Ashe an sauya manhajar da sabuwa, ita kuwa a wani wurin daban take neman saitinta.

Na hau mota sai shagon mai gyara. Yana murmushi ya ce, "Ai na ga komai naka tsoho ne, Malam, shi ne na sabunta maka. Kyauta!"

"Wa ya aike ka? Gilashi na kawo maka!"

Na tasa shi gaba har Gwaram, ya maimaita maganarsa gaban malamai. Aikina ya tsira, amma har na bar makarantar, yara Malam Mai Amsa suke kirana a bayan ido.

Tun daga ranar, shirun na'ura ba ya ruɗa ni, sai na karanta kowane shafi da idona. Hujja ta wanke ni a ofis, amma ba ta wanke ni a bakin yara ba.