Matuƙan da Usta Ya Ɓoye

Shekara bakwai ke nan cif da aka ɗauki Usta Garba daga gidanmu na unguwar Rusaifa a Makka aka yi masa salla a Harami. Ni ce matarsa, Hajiya Asabe. Ban taɓa zama a aji ba, kuma ba na jin kunyar faɗa, don abin da ke cikin kaina ya fi na wasu masu jakar takardu. Ina faɗa ne 'yata Zulai tana rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini baki. Shekara arba'in da huɗu muna tare ban kira sunansa ba. Usta nake cewa, ma'ana ogan makanikai, kamar yadda ake ce masa a warsha, wato garejin Kudai inda ya ƙarar da ƙarfinsa a kwance ƙarƙashin bas-bas ɗin alhazai. Yau ma don jarida ce na faɗi sunan.

Duk wanda ya san Usta ya san jiragensa. Ba irin na yara da ake ja da zare ba. A kwali suke zuwa, gutsattsarin roba a manne a jikin sanda, sai ka yanko ɗaya bayan ɗaya, ka goge da samfefa, ka haɗa da gam, ka yi fenti. Jiragen wani tsohon yaƙin Turawa ne, masu farfela a hanci. Kowace shekara, idan aikin Hajji ya ƙare, ya dawo daga Arfa baƙi wuluk, idanu jajur, duga-dugai a tsattsage, sai ya yi kwana uku yana barci. Alhazai na gama watsewa sai ya hau mota zuwa Jidda, ya dawo da kwali guda a hammata. Guda ɗaya tak a shekara. Yakan shafe wata biyar a kansa, ranar Juma'a bayan la'asar, a bakin taga, tabarau a kan hanci, gidan duk ya ɗauki warin gam har cikin tuwo.

Na taɓa ce masa, “Usta, in dai jirgi kake so, me ya hana ka yin na alhazai? Sai na kashe mutane?”

Bai ɗago ba ya ce, “Ya shekha, na fasinja ai duk dogon burodin nan samuli ne da fiffike. Waɗannan kuwa kowanne da halinsa.”

A nan Makka aka haife shi, iyayensa sun zo a ƙafa daga ƙasar Katsina. Yana yaro babu abin da yake so irin tuƙin jirgi. Takardu ba su samu a kan lokaci ba, karatu ya tsaya, aka kai shi warsha. Sau ɗaya ya ba ni wannan labarin, bai sake ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Jirage talatin da ɗaya ya bari, rataye da zaren kamun kifi a silin ɗin falo. Ni da ban san lissafin shekarun Hijira ba, su ne kalandata. Shekarar mai bakin kifi aka haifi ɗanmu Hamza. Shekarar mai wutsiya biyu mahaifiyata ta rasu. Shekarar mai karyayyen fiffike aka yi ruwan da ya shigo mana har ɗaki. Ko yanzu matan unguwa in sun yi musu a kan wanda ya girmi wani, wurina suke zuwa, in ɗaga kai in dubi silin in raba musu gardama.

To ga inda maganar take. Kowane kwali yakan zo da ɗan mutum na roba, matuƙin jirgin, tsawonsa bai kai gaɓar ɗan yatsa ba, a zaune, da hula da komai. Tun kwalin farko na tsaya kai da fata. Na ce jirgi ba shi da rai, ya rataye ko ɗari ne, amma mutum-mutumi ba zai kwana a gidana ba, a garin nan, muna jin kiran sallar Harami. Mun taso muna ji daga malamai cewa mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da surar mai rai, kuma wanda ya yi surar yana da tambaya a gobe. Ko haƙoran kifin nan da ya zana a hancin jirgi sai da muka yi sati muna ja, ya ce baki ne kawai babu kifi, na gaji na bar shi. Amma a kan ɗan mutumin bai yi musu ba. Ya ce, “Tayyib, Hajiya. Gidanki ne.” Ya jefa shi a aljihu. Daga ranar duk jiragensa kujerarsu wayam. Na ɗauka a shara yake zubar da su a hanya, ina ma yabon kaina a gaban mata cewa na tsare wa mijina addininsa.

Bayan na fita takaba, wani abokin aikinsa ya kawo mini akwatin kayan aikinsa daga warsha. Ƙarƙashin sifanoni akwai gwangwanin alawa, a ciki an shimfiɗa auduga. Matuƙa talatin da ɗaya, a jere, kowanne an yi masa fenti tsaf. Har da madubin ƙara girma a gefe. Ashe a can yake yinsu, lokacin da abokansa ke cin abincin rana.

Da na kara madubin sai na nemi wuri na zauna. Turawan kwali ya mayar baƙaƙe. Ba baƙaƙe kawai ba, shi ne. Na farko da ɗan siririn gashin baki irin wanda ya zo neman aurena da shi. Can tsakiya gemu ya fito. Sai furfura ta fara a gefe ɗaya. Akwai wanda ya ɗiga wa tabo a goshi, shekarar da murfin inji ya faɗo masa. Na ƙarshe farin gemu fat, da tabarau. Kai kamar ƙwayar dawa, amma wallahi in ka san Usta ba za ka yi shakka ba. Mutumin da bai yarda a ɗauke shi hoto ba sai na takardun hukuma, wanda yake fitowa kamar an kama shi da laifi. Ba ni da fuskarsa a ko'ina sai a gwangwanin nan.

Na nuna wa Hamza. Shi Hamza injiniya ne, mai riƙon addini, Larabci ya fi masa Hausa sauƙi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ummi, wannan sura ce kamila. Lazim a cire kai. In babu kai halas, roba ce. Don Baba nake faɗa, ba don ni ba.”

Na ce, “Kai za ka koya mini tsoron Allah? Ni na kore su daga gidan nan tun ba ka iya ɗaura wando ba.”

Ya ce, “To ki ƙarasa, ya Ummi.”

Na rufe gwangwanina na sa a ƙasan akwatin zannuwa. Na aika an tambayar mini malamai biyu. Ɗaya ya ce abin wasan yara akwai sauƙi a kansa. Ɗayan ya ce mai shekara saba'in ba yaro ba ne, a cire kawunan ya fi aminci. Sai na zauna a tsakiya, shekara bakwai. In na tuna kabarinsa sai in ce gobe zan yanke. In na buɗe na ga ɗan gashin bakin nan sai in mayar da murfi. Na yi masa sadaka, na yi masa ɗawafi har gwiwoyina suka daina yarda, amma abin nan guda na kasa. Na gaji, jama'a. Gajiyar da ba ta jiki ba ce.

Wani lokaci nakan ce da Usta zai leƙo yau, me zai ce? Shagon Jidda an rufe, an ce yanzu a waya ake latsawa kwali ya zo har ƙofa. Shi da rabin daɗin abin a wurinsa tafiyar ce, da tsayuwa yana jujjuya kwalaye har mai shago ya ƙosa. Unguwar da aka haife shi an share ta, benaye sun tsaya a wurin. Bas-bas ɗin yanzu na'ura ake jona musu ta faɗi ciwonsu, shi kuwa kunne yake karawa. Rannan ina kallon labarai aka nuna jiragen yaƙin zamani, wai babu kowa a ciki, wani ne a ɗaki mai sanyi yake latsawa gidajen mutane suna rushewa. Na kashe talabijin. Na san da yana nan tsaki zai yi ya tafi bakin tagarsa. Abin da ban sani ba, kuma shi ya fi damuna, ko zai ce mini, “Hajiya, me kike jira? Ki sauke mini kayan nan,” ko kuwa zai ce, “Shekara talatin na ɓoye miki su, ki bar mini.” Ban sani ba. Na zauna da mutum shekara arba'in da huɗu, ashe akwai ɗakin da ban taɓa shiga ba a cikinsa, kuma ni na kulle shi da hannuna.

Bana hawa bene ya gagare ni. Hamza ya ce in koma wurinsa, gidansa akwai lif. Ya ce jirage duka a kawo, ya ma sa an kafa ƙugiyoyi a ɗakina. Gwangwani kuwa, ya faɗa cikin ladabi, ba zai shiga gidan da 'ya'yansa suke salla ba sai an gyara. Ban yi faɗa ba. Maganata ce ta shekara talatin ta dawo a bakin ɗana, da wane ido zan musa?

Sai na ɗauki abin yanke farce. Ban yarda kowa ya taɓa ba. Kullum da hantsi, bayan na sha shayi, in ciro ɗaya, in kara madubi in ƙare masa kallo, in kira Zulai in ba ta labarin shekararsa kaf: wa ya yi aure, wa ya rasu, me Usta ya ce da ya ƙona hannu, wace riga ya sa ranar Idi. In na gama in yi bisimilla in danna. Ƙaran ba ya wuce na yanke farce. Rana ɗaya mutum ɗaya, wata guda cur. Kawunan na ƙulle a tsumma na kai kwandon shara da kaina, don na san halina, in na ajiye zan nemi gam.

Zulai ta yi ta kuka tana cewa, “Umma, ki bari in ɗauke su a waya tukuna.” Na ce a'a. In sauke masa kaya nake so, ba zan canza wa kayan buhu ba. Abin da idona ya gani ya shiga kaina, kuma kaina bai taɓa zubar mini da ajiya ba.

Talatin na yanke. Saura na ƙarshe, mai farin gemu da tabarau, fuskar da na rufe wa ido a asibiti. Ranar da Hamza ya zo ɗaukar kaya na zaunar da shi, na miƙa masa ɗan mutumin da madubi da abin yanke farcen.

Na ce, “Na yi talatin. Wannan naka ne. Kai ka kawo hukunci, ka ɗanɗana.”

Ya ce, “Ummi, ai duk ɗaya ne.”

“To tunda ɗaya ne, bisimilla.”

Ya kara madubin. Ya gyara zama. Ya buɗe bakin abin yankan ya kai wuya, ya tsaya. Ina kallon hannunsa, hannun ubansa sak, har yadda babban yatsa yake lanƙwashewa. Can ya ce da Hausarsa mai tsami, “Har karyewar tabarau ya sa. Ni na karya masa, na zauna a kai.” Ya ciro hankici ya naɗe, ya sa a aljihun gaba, ya ce, “Bukra, gobe in sha Allah. Yanzu masu mota suna jira.”

Yau sati uku ina gidansa. Ban tambaye shi ba. Matarsa dai ta gaya mini hankicin yana cikin motarsa, bai shigo da shi gida ba, bai kuma yanke ba.

To me ya rage na Usta? Bas-bas ɗin da ya gyara an daɗe da sayar da su ga masu gwangwan. Jiragen suna sama da kaina, fentinsu yana dusashewa, fiffiken wasu zafi ya lanƙwasa, kuma na san bayan raina ba za su daɗe ba. Fuskarsa talatin ni na kawar da hannuna, ban yi nadama ba, ban kuma ji sanyin da na zata ba. Allah ya sani mutumin nan bai yi su don ya bauta musu ba. Yaro ne da aka hana hawa sama, ya girma ya tsufa bai yi wa kowa ƙorafi ba, ya ciyar da mu da halal, ya bar wa matarsa gidanta yadda take so. Da wannan nake roƙa masa gafara, ku ma da kuka karanta ku sa shi a addu'a.

Ɗayan da ya rage kuwa, na fita daga ciki. Tsakanin ɗa ne da ubansa da Ubangijinsu. Ni na yi talatin, hannuna ya gaji.